Tuffar da Ka Tsinka da Hannunka, ta Wa Ce?

Daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Oktoba, idan kaka ta kama a arewa maso gabashin Amurka, mutanen birni suna da wata al'ada da ba sa wasa da ita. Ranar Asabar ko Lahadi magidanci zai kwashi iyalinsa a mota, su bar New York ko Boston, su nufi lambunan tuffa na kwarin kogin Hudson ko na jihohin Massachusetts da Vermont. A bakin lambu za a miƙa musu jaka ko kwando. Wani wurin a biya kuɗin jakar tun kafin a shiga, wani wurin sai an fito a ɗora abin da aka tsinko a kan sikeli. Tarakta ce za ta ja su a amalanke zuwa layin itatuwan da suka nuna a wannan makon, domin kowane iri da lokacinsa: McIntosh da Honeycrisp kan riga, Fuji sai can baya. Kafin su watsu ma'aikacin lambu zai ja musu kunne: kada a fizgi tuffa, kada a girgiza itace, kada a hau reshe. A tallafe ta a tafin hannu a juya gindinta sama, in dai ta nuna za ta saki reshe da kanta, ɗan tsinkenta na jikinta. Dalilin gargaɗin shi ne ɗan guntun reshen nan da ke riƙe da ita, shi ne zai yi furen baɗi. Wanda ya fizga ya karya shi, ya ɗebi tuffar bana ya kashe ta shekara mai zuwa.

Abin da ya isa a tsaya a kansa shi ne, mutum ya yi doguwar tafiya, ya yi aikin da hannunsa, sannan ya biya, sau da yawa ma fiye da abin da zai biya a kanti. A can ƙuryar wannan lambu kuwa, ko a na maƙwabci, akwai wani mutum da yake wannan aikin tun hudowar rana, biyansa ake yi, kuma cikin dubban tuffar da ke bi ta hannunsa ko ɗaya ba tasa ba ce. Dukansu biyu sun tsinka, amma tsinkar ba ta mallaka wa kowannensu komai ba. Na farko kuɗinsa ne ya mallaka masa, na biyu kuwa ladan guminsa kawai ya samu. Ina ganin wannan ɗan lamari ya isa ya girgiza wata tsohuwar fahimta game da dukiya, wadda ta ce abin da mutum ya mallaka nasa ne shi kaɗai saboda guminsa ne ya samar da shi. Matsayina shi ne amfanin gona bai taɓa zama na mutum ɗaya tsantsa ba, kuma rabon da mabukaci yake da shi a ciki haƙƙi ne da ake binsa bashi, ya fi ƙarfin a kira shi alfarma.

Wanda ya fi kowa shimfiɗa waccan fahimta a Turai shi ne John Locke, masanin falsafa ɗan Ingila, a littafinsa kan mulki da ya fito a 1689. Da tuffa ma ya buga misali. Ya kawo mutumin da ya tsinki tuffa a kurmi ya ci, ya tambaya yaushe ta zama tasa: da ya haɗiye, ko da ya tauna, ko da ya kai gida, ko da ya tsinka? Ya amsa cewa tun tsinkar farko, domin jikin mutum nasa ne, aikin jikinsa nasa ne, duk abin da ya cuɗa da aikinsa ya fita daga mallakar kowa ya shiga tasa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma Musulunci ma ya san da ita. Wanda ya saro itace a daji ko ya kamo kifi a kogi nasa ne, wanda ya raya matacciyar ƙasar da ba ta da mai ita yana da haƙƙi a kanta. Sai dai malaman fiƙihu sun ajiye wannan a matsayin ƙofa ɗaya cikin ƙofofin mallaka, ba su mayar da ita tushen da ake auna duk wata dukiya da shi ba. Locke kuwa ya ci gaba har ya ce cikin darajar amfanin ƙasa, kashi tara cikin goma, kai har kashi 99 cikin 100, daga aikin ɗan Adam yake.

Tarihin tuffa a Amurka ya nuna yadda aka riƙa karkata wannan ƙa'ida zuwa inda son rai ya nufa. A 1792 kamfanin Ohio ya yi wa masu zuwa zama a yankin Ohio alkawarin eka 100 kyauta, bisa sharaɗin su dasa tuffa 50 da itacen fich 20 cikin shekara uku. Dashen itace shi ne shaidar cewa mutum ya zauna, ƙasa ta zama tasa. Wannan buƙata ce John Chapman, wanda aka fi sani da Johnny Appleseed, ya riƙa biya wa baƙi da irin da yake renowa. Amma shekara 13 kafin nan, a 1779, rundunar Janar John Sullivan ta ratsa ƙasar ƙabilun Iroquois a yammacin jihar New York, ta ƙone ƙauyuka da rumbuna, ta sassare lambunan tuffa da fich da 'yan ƙasar suka dasa da hannunsu. In da gumi ne ke mallaka, da waɗancan itatuwa sun tsare wa masu su ƙasarsu. Yau yankin yana cikin wuraren da ake zuwa yawon tsinkar tuffa.

A bar tarihi, a dubi tuffar kanta. Me mai tsinka ya yi mata? Asalin itacen daga duwatsun Tian Shan yake, wajen Kazakhstan, inda har yanzu ake samun kurmin tuffar daji kusa da birnin Almaty. Ƙwallon tuffa ba ya maimaita uwarsa. In ka shuka irin mai zaƙi, galibi abin da zai fito ba zai ciwu ba, don haka duk wani sanannen iri da aure ake yaɗa shi, kamar yadda ake wa mangwaro. Kowace bishiyar McIntosh da ke duniya reshe ce daga itace guda da wani manomi, John McIntosh, ya tarar a gonarsa a Ontario ta Kanada a 1811. Bai shuka ta ba, tsintar ta ya yi yana share fili. Honeycrisp kuwa sai da masana a Jami'ar Minnesota suka yi kimanin shekara talatin a kanta kafin su sake ta ga manoma a 1991. Bayan wannan akwai wanda ya datse rassa cikin tsananin sanyi, da wanda ya rage 'ya'ya suna ƙanana don sauran su yi girma, da ƙudan zuman da ake hayar amyarsu a kawo lokacin fure, domin yawancin tuffa ba ta ɗaukar 'ya'ya sai an kawo mata garin furen wani irin dabam. Sannan akwai abin da ba ya hannun kowa. Itacen yana buƙatar doguwar hunturu kafin ya yi fure da kyau, amma sanyin dare ɗaya bayan furen ya buɗe ya isa ya gama da shekara. A 2012 zafi ya sauka da wuri a jihar Michigan cikin Maris, itatuwa suka farka suka yi fure, sanyi ya dawo a Afrilu, manoman jihar suka rasa kusan kashi 90 cikin 100 na tuffarsu. Aikin da suka yi a wannan shekara bai gaza na shekarar da ta gabace ta ba ko kaɗan. Lissafin Locke na kashi 99 ba shi da amsa ga wannan. A Suratul Waƙi'a an tambayi mai noma ko shi ne yake tsirar da abin da ya shuka, aka kuma tuna masa cewa ana iya mayar da shi busasshen karmami ya wayi gari yana kukan asara. Manomin Michigan na 2012 ba ya buƙatar tafsiri kafin ya gane wannan tambaya.

Idan kuma aka nace cewa gumi ne ma'auni, to sai a nemi wanda ya fi zubar da shi. Kusan duk tuffar da ake ci ɗanya a Amurka da hannu ake tsinkar ta, domin ba ta jure bugu. Jihar Washington kaɗai tana noma fiye da rabin tuffar ƙasar, kuma 'yan ci-rani ne ƙashin bayan aikin, yawancinsu daga Meziko, da dama da bizar aikin gona ta wucin gadi mai suna H-2A. A lambunan New York da na yankin New England kuwa akwai 'yan Jamaika, waɗanda zuwansu ya faro tun 1943, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe ma'aikata. Mai tsinka yana hawa tsani da jaka rataye a ƙirji, in ta cika takan kai kilo 18, ya sauko ya juye ta a hankali cikin babban akwatin da ke cin kusan kilo 400, ya sake hawa. A wurare da yawa aikin jinga ne, akwati ake ƙirgawa, kuma tuffar da yatsa ya danna ta yi tabo ana lissafa ta a kansa. Hausawa sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Locke ya ga wannan giɓi, ya toshe shi da cewa abin da baran mutum ya sara na ubangidansa ne, tunda ya sayi aikin. To amma da zarar an yarda da haka, an yarda cewa abin da ke tsare wa mai lambu lambunsa yarjejeniya ce da doka da amincewar jama'a. Jama'ar da ta tsare masa shingensa kuwa tana da bakin magana a kan abin da ke cikin shingen.

Nan ne addinai suka riga falsafar Locke hangen nesa. Suratul Ƙalam ta ba da labarin masu wani lambu, waɗanda masu tafsiri suka ce a kusa da Sana'a ta Yaman yake, kuma mahaifinsu ya saba bai wa miskinai rabo ranar girbi. Da suka gaje shi sai suka yi rantsuwa za su yi sammako su girbe kafin wani miskini ya shigo. Ba su saci komai ba, lambun nasu ne ta hanyar gado halal. Laifinsu shi ne sun ɗauka mallaka tana nufin ikon rufe ƙofa baki ɗaya, sai suka tarar da lambun ya ƙone suna barci. A Suratul An'am kuma an haɗa izinin cin 'ya'yan itace da umarnin bayar da haƙƙinsa ranar girbinsa, kuma magabata irin su Mujahid sun fassara wannan da abin da ake bai wa mabukatan da suka halarci girbin, ban da zakka. An ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umarci masu dabino da yawa su rataye nono guda a masallaci domin miskinai. Attaura ma ta hana mai gona girbe gefen gonarsa ƙarƙaf, ta hana shi komawa tsince inabin da ya zuba ko sake kaɗe zaitun karo na biyu, ta bar wannan ga baƙo da maraya da gwauruwa. Mu ma a ƙasar Hausa mun san kala: in an gama cire gyaɗa ko an ɗaure dawa, mata da yara su bi gona su tsince abin da ya rage, kuma mai gonar da ya kore su shi ake zargi. Ingila ta daɗe da irin wannan al'ada, har sai da wani manomi, James Steel, ya kai ƙarar wata mata, Mary Houghton, a kan yin kala a gonarsa a Suffolk. A 1788 kotu ta yanke cewa talaka ba shi da wannan haƙƙi a dokar ƙasa. Daga ranar abin da yake haƙƙi ya koma sai mai gona ya ga dama.

Mai karatun littafin Risala na fiƙihu zai iya cewa ai a mazhabar Malikiyya babu zakka a kan tuffa. Gaskiya ne. Imamu Malik da Imamu Shafi'i sun taƙaita zakkar amfanin gona ga abincin da ake rayuwa a kansa kuma ake iya adanawa, kamar hatsi da dabino da zabibi, don haka mai lambun tuffa sai kuɗin da ya sayar ya kai nisabi ya shekara sannan zakka ta hau kansa. Amma Imamu Abu Hanifa yana ganin duk abin da aka noma don amfani ana fitar masa, ɗaya cikin goma in ruwan sama ya shayar, rabin haka in da wahalar ban ruwa. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi na Ishbiliya, wanda ya rasu a 1148, Bamalike ne na gaske, amma a Ahkamul Ƙur'an ya rinjayar da ra'ayin Abu Hanifa, ganin cewa ayar An'am ɗin ta ambaci rumman, wanda ba hatsi ba ne. Ko da mutum ya tsaya a kan maganar Malik, saɓanin a kan ƙayyadadden kason da hukuma za ta iya karɓa ne. Babu malamin da ya ce masu lambun Suratul Ƙalam da sun tsira in da tuffa suka noma maimakon inabi ko dabino.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma daga bakin manomin take. Mai ƙaramin lambu a New England ba attajiri ba ne. Ya buɗe ƙofarsa ga baƙi ne saboda ba zai iya gogayya da manyan gonakin Washington a farashin sari ba. Baƙin nan suna rage masa kuɗin leburori, amma suna jawo masa wata asarar: a ciji tuffa a yar, a girgiza itace goma su zubo don a sami ɗaya, kuma wadda ta taɓa ƙasa ba ta sayuwa a matsayin ɗanya saboda tsoron ƙwayoyin cuta. Shi ya sa lambuna da dama suka fara karɓar kuɗin shiga. Mutumin da yake wannan fama, a ce masa kuma akwai haƙƙin wani a itacensa, ai kamar an ƙara masa kaya ne. Amsata ita ce koyarwar da ta ɗora masa haƙƙi, ita ce kuma ta fi kowa tsare shi daga ɓarnar baƙi. Hadisin da ya yi wa mai wucewa rangwamen ci daga lambu ya hana shi ɗauka a cikin riga, kuma mafi yawan malamai sun taƙaita rangwamen ga mai yunwa ko inda al'ada ta nuna mai lambu ya yarda. Lokacin da aka kama yaro Rafi'u ɗan Amru yana jifan dabinon mutanen Madina, Annabi (SAW) ya tambaye shi dalili, ya ce yunwa, sai ya hana shi jifa ya ba shi izinin cin abin da ya faɗo. An ciyar da yaron, an kuma kare itacen. Baƙon da ya zo a mota da kuɗi a aljihu ba mai yunwa ba ne, don haka abin da ya ci kafin awo yana kan iyakar da mai lambu ya yarje, ɗanɗano ɗaya ko biyu. Wanda ya cika ciki da aljihu yana cewa ai ya biya kuɗin jaka, ya faɗa kuskuren da masu lambun Suratul Ƙalam suka faɗa, na ɗaukar cewa biya ko gado yana share duk wani haƙƙi.

Wani kuma zai ce bambancin haƙƙi da alfarma gardamar malamai ce kawai, tunda tuffar da ta isa bakin mayunwaci ɗaya ce ko da wane suna ta zo. Zai ƙara da cewa Locke kansa ya hana mutum tara abin da zai ruɓe a hannunsa, ya kuma yarda cewa wanda yunwa za ta kashe yana da rabo a rarar wani, kuma Amurka ba ta rasa masu kyauta ba. Ƙungiyar Society of St. Andrew, da aka kafa a Virginia a 1979, tana tara masu sa kai su bi gonaki da lambuna su tsince ragowa su kai rumbunan ciyar da mabukata, kuma a 1996 aka yi dokar Bill Emerson da ke kare mai bayar da abinci da kyakkyawar niyya daga ƙara. Duk wannan abin yabo ne ƙwarai. Amma buƙatar a yi irin wannan doka ta nuna inda aka tsaya: mai lambu yana tsoron kotu in ya bayar, ba ya tsoron komai in ya bar tuffa ta ruɓe. Bambancin kuma yana bayyana a wurare biyu da ake gani da ido. Alfarma tana zuwa ne a shekarar yalwa, ta ɗauke a shekarar ƙunci, wato daidai lokacin da aka fi bukatarta, alhali haƙƙi yana raguwa ne gwargwadon girbi ba tare da ya ɓace ba. Sannan mai karɓar alfarma yana sunkuyar da kai, mai kala kuwa aiki take yi a gonar da al'ada ta buɗe mata, ba ta roƙi kowa ba. Togaciyar Locke ta tsaya ne a bakin mutuwa da ruɓewa. Haƙƙin ranar girbi bai jira sai an kai can ba.

Saura wanda zai ce duk wannan nauyi ya yi wa yawon shan iska yawa, a bar iyali su more ranarsu. Ban ga laifin morewar ba, kuma ina ganin wannan al'ada tana da alherin da kanti ba zai taɓa bayarwa ba. Yaron da ya girma yana ganin tuffa a jere cikin leda duk shekara, wadda wataƙila ta yi watanni a ɗakin sanyi, ba shi da hanyar sanin cewa tana da lokaci, tana da itace, tana da masu wahala a kanta. A lambu yana ganin wadda tsutsa ta ci da wadda ƙanƙara ta yi wa tabo, yana jin nauyin jaka a kafaɗarsa bayan rabin awa, yana iya hango tsanin ɗan ci-rani a layin da aka hana baƙi shiga. Godiya ba ta yiwuwa sai da sanin abin da aka ba ka da hanyar da ya bi ya iso. Abin da nake ƙi shi ne a fito daga lambun da darasin Locke, ana murna cewa da hannuna na samo, alhali duk abin da ke wurin yana faɗin akasin haka.

Akwai kuma wata wahala da zamani ya kawo wadda tsofaffin dokokin kala ba su san da ita ba. Miskinin Madina ko na Suffolk yana iya takawa da ƙafa zuwa gona. Mabukacin Amurka yana cikin unguwar Bronx ta New York ko wata unguwar Boston, ba shi da mota, lambun kuma yana nesa da inda bas ke tsayawa. Ko da mai lambu ya bar gefen gonarsa, babu wanda zai zo ya ɗauka, kuma tuffar da ta rage bayan makon ƙarshe na Oktoba sanyi ne zai cinye ta. Wannan ya sa nauyin isar da haƙƙin ya rarrabu tsakanin mai itace da masu iya zuwa wurinsa. Iyalin da ke da mota da ranar hutu da ƙarfin tsinka su ne suke da abin da mabukacin ya rasa, kuma wasu lambunan sun riga sun tanadi akwati a bakin ƙofa inda baƙo zai tsinko jaka ta biyu ya ajiye, a kai ta rumbun abinci na garin.